Ta ba ta ko ta ɓata?

A unguwarmu ta Gesse, kamar sauran unguwannin Birnin Kebbi, da wuya mutum ya wuce katanga goma bai ga wadda aka rubuta wa gargaɗi da jan fenti ba: BA'A ZUBA SHARA ANAN. Mai gida ya gaji da ƙazantar maƙwabta, ya sayi fenti, ya biya mai rubutu, amma abin da ya hau katangarsa zolaya ce. Ba'a ita ce yi wa mutum dariya da shaƙiyanci. Abin da yake nufi kalma biyu ne, "ba" da "a": ba a zuba shara a nan. Kowa dai ya gane nufinsa, shi ya sa rubutun ke shekara da shekaru ba wanda ya goge, har yaro ɗan aji ɗaya da ke wucewa kullum zuwa makaranta ya ɗauka haka ake rubutawa.

Mu da ke wannan rubutu yayyenku ne. Mun bar sakandare ba da jimawa ba, kuma muna zaune tare da ku a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa da na Islamiyya. Muna karanta abin da kuke turowa. Wani saƙon sai mun bi shi sau uku kafin mu gane inda ya dosa, wani kuma sai mun kira mai shi mun ce, "Ƙane, me kake son faɗa?" Idan aka yi wa ɗayanku gyara, amsar ba ta wuce ɗaya: "To ai kun gane." Wannan amsar ce muke son mu zauna mu tattauna a kanta, domin akwai wani abu game da rubutun boko na Hausa da ba kowa ya lura da shi ba.

Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Baki yana bambanta su, alƙalami ba ya yi. Ku ɗauki kalmar "kasa". Ɗalibi ya kasa amsa tambaya. Mai tumatir a kasuwa ta kasa kayanta kashi-kashi. Manomi ya taka kasa a gona, an garzaya da shi asibiti. Kalma uku ke nan daban-daban a kunne, amma a takarda kamarsu ɗaya, sai jimla ta raba gardama. Haka "fari": launi ne, rashin ruwan sama ne, kuma shi ne abin da budurwa ke yi da ido. Haka "su", wadda ko dai mutane take nufi, ko kuma abin da masunta ke yi da homa da gora a Matan Fada. Wato tun kafin marubuci ya yi wani sakaci, mai karatun Hausa yana cikin aikin cinka-cinka. Abin da aka bar masa ya dogara da shi kaɗan ne ƙwarai: lanƙwasar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ, tazarar da ke tsakanin kalmomi, da 'yan alamomin tsayawa. Wanda ya zubar da waɗannan ya bar mai karatu da duhu biyu. Ga kasa uku, sai kuma ya ƙaro masa ta huɗu, wato ƙasa da muke takawa, wadda da ma tana da alamarta.

Lanƙwasar nan ƙarama ce, amma tana iya raba zumunci. A ce yarinya ta ba ƙawarta labari a waya, ƙawar ba ta yarda ba, sai ta mayar mata da "Karya ce kawai." Ita ƙarya take nufi. Abin da ya isa wayar waccan kuwa macen kare ce, kuma idan da ma akwai 'yar tsama a tsakaninsu, ba lallai ta zaɓi ma'anar da ta fi daɗi ba. Lokacin bikin kamun kifi na Argungu za ku ga an rubuta "baki sun cika gari", da hunturu kuma "kura ta taso", kamar dabbar dawa ce ta shigo unguwa. Wanda ya fi sa mu kunya shi ne na ta'aziyya. An yi rasuwa, mutum yana son ya ce Allah ya ji ƙansa, sai ya rubuta "Allah ya jikansa". Jika ɗan ɗa ne. Iyalan mamaci ba za su ce komai ba, suna cikin abin da ya fi wannan, amma addu'ar da ba ta wuce kalma huɗu ba ai ta cancanci a tsaya a rubuta ta yadda take.

Waɗannan haruffa ba daga sama suka faɗo ba, wahala aka sha kafin a same su. Kakanninmu da ajami suka yi rubutu, kuma ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi ta wallafa, ba baƙuwar alƙalami ba ce. Da Turawa suka zo da haruffansu sai aka tarar ba su isa ba, domin Ingilishi ba shi da sautin da ke farkon ɓarawo ko ɗaki ko ƙofa. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka riƙa maƙala masa 'yar alama a sama. A 1912 Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabantar hukumar wallafa littattafai a Zariya, haruffa masu lanƙwasa suka samu gindin zama. An sake zama kan rubutun a Bamako a 1966, aka kuma zauna a Yamai a 1980 don a kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Har yau akwai ɗan bambanci: idan kuka tsallaka daga Kamba zuwa Gaya, za ku ga littattafan can suna rubuta ƴaƴa inda mu muke rubuta 'ya'ya. Wannan ma kalma ce da ke shan wahala a hannunku. Idan aka cire mata alamominta ta koma "yaya", wato babban wa ko babbar ya, ko kuma tambayar da ake yi wa mai ciwo.

Akwai uzurin da muke karɓa daga iyayenmu da manyan yayyenmu. Wayoyin da suka fara riƙewa masu maɓalli ne, ba su da ƙ ko ɗ ko ɓ. Saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma ko da wayar ta iya, da zarar an sa harafi irin ƙ sai adadin ya faɗo zuwa 70, kuɗin ya ƙaru. Dole ta sa suka matse kalmomi. Ku kuwa ba wanda ke ƙirga muku haruffa a WhatsApp. Allon rubutu na Gboard da ke yawancin wayoyin Android yana da Hausa a cikin jerin harsunansa. A shiga saitin harshe a ƙara ta, aikin minti ɗaya ne. Saboda haka "qasa" da "qarya" da wasunku ke rubutawa, ko da yake sun nuna mai rubutun ya ji bambancin a kunnensa, kuma mun yaba da hakan, dabara ce ta lokacin babu. Amma "xan xo" a maimakon zan zo, wannan ba mu san matsalar da ya zo warwarewa ba. Harafin z yana nan lafiya lau a kowace waya, maƙwabcin x ɗin ma ne a kan allo. Haka masu rubuta "chikin" da "pada", waɗanda suka aro kunnen Ingilishi suka ɗora wa Hausa.

Inda aka fi ɓarna shi ne haɗa kalmomi da raba su, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

A ce uwa ta aiki 'yarta da takardar shaidar haihuwa ta kai wa malama a makaranta, domin rajistar jarrabawa. Da yamma uba yana wurin aiki ya tambaya ta waya, babban wa ya amsa masa: "Ta bata." Me ya faru da takardar? Idan ta ba ta, wato yarinya ta miƙa wa malama, sai hamdala. Idan ta ɓata, to gobe sai a fara sintiri neman wata. Haruffan guda ne, tazara ɗaya da lanƙwasa ɗaya ne suka raba kwanciyar hankali da tashinsa. Irin wannan suna da yawa, kuma duk a kalmomin da muke amfani da su kullum suke. "Na ba shi" kyauta ce ko biya, "na bashi" kuwa kayan da ba a biya ba ne. "Ko da" sharaɗi ne, "koda" ta fi kama da ƙodar da likita ke dubawa. "Da ma" wani abu ne, "dama" hannu ne ko zarafi ko aikin mai fura. "A kan tebur" wuri ne, "akan ci tuwo da dare" al'ada ce. Tsohuwar jaridar da aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ku haɗe kalma biyun tsakiya ku gani: gaskiya an kore ta, an ce ta tafi.

Sai addu'o'in da ake turawa ranar Juma'a da lokacin jarrabawa. "Allah yasa mu dace" ya cika ko'ina, har a fastoci da jikin Keke Napep. Yasa ita ce shiga rijiya a kwashe laka. Abin da ake roƙo shi ne Allah ya sa. "Allah ya baka" kuma, baka na maharbi ne. Allah ya ba ka ake nufi.

Dokar ba ta da tsawo kamar yadda ake tsoro. Lamirin da ke gaban aikatau yana zaman kansa: ya ce, ta zo, mu je, ka sa. Wanda aikin ya faɗa wa ma yana zaman kansa: na gan shi, an kira ta, ya ba mu. Amma na mallaka manne yake da abin da aka mallaka: gidanmu, littafinta, jakarka, kuma namu da naku da nasa kowanne kalma ɗaya ne. "Ne" da "ce" ba sa mannewa da kowa, don haka shi ne, ita ce. "Za" tana rabe da abin da ke binta, za mu, za ta, za a, in ban da zan da zai waɗanda suka riga suka narke. Yana, tana, suna, yake, muke, yakan, duk a haɗe. Idan kun rikice, akwai gwajin da kunne ke iya yi: ku gwada cusa wata kalma a tsakani. Ana iya cewa "ya kuma ce", "ta dai fi", ashe kalma biyu ne. Ba a iya cusa komai tsakanin "gidan" da "mu" a ce "gidan dai mu" da nufin gidanmu, ashe ɗaya ce. Gwajin ba ya aiki ko'ina, amma yana fitar da mutum daga mafi yawan ramukan.

Yanzu ga wani abu da ya shafe mu mu mutanen wannan yanki musamman, kuma a kansa muna da ra'ayi mai ƙarfi. A gida muna cewa munka tahi, sunka zo, yac ce, shina nan, hwari, biyat, ɗiya, wanga yaro. Akwai masu jin haka su yi dariya, har wani yaron Argungu ko Gwandu ya je jami'a a wata jiha ya dawo yana jin kunyar bakin uwarsa. Ba kuskure ko ɗaya a cikin waɗannan kalmomi. Karin harshe ne mai dokokinsa, kuma masana harshe sun daɗe suna nuna cewa Hausar yamma, ta Sakkwato da Kabi da Zamfara, ta riƙe tsofaffin siffofin da Kananci ya saki. Da ita Narambaɗa ya yi waƙa, da ita Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri ya yi, ba wanda ya taɓa cewa ba su iya Hausa ba. Daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa a aji an gina ta ne galibi a kan Kananci, don a samu rubutu ɗaya da mutumin Maraɗi da na Bauchi da na Kumasi za su karanta ba tare da tafinta ba. Riga ce ta fita taro. Mai wayo yana da biyun, kuma ya san ranar sa kowacce. A insha'in jarrabawa a rubuta muka tafi. Idan kuma labari kuke rubutawa, kuka sa wani tsoho masunci yana magana a cikin alamar zance, ku bar shi ya ce munka, domin haka zai faɗa, kuma labarin zai fi rai.

Abin lura shi ne, a wajen sauya rigar nan ne ake yawan tuntuɓe. A baki muna cewa gidammu, muna kuma cewa makarantammu. Kunne yana jin su iri ɗaya. Ɗalibi ya koyi cewa gidammu a rubuce gidanmu ne, sai ya yi ƙiyasi ya rubuta "makarantanmu", "motan Baba", "rigan sallah". Amma gida namiji ne, makaranta da mota da riga mata ne, kuma mahaɗin mace r ne: makarantarmu, motar Baba, rigar sallah. Mu nan bai kamata wannan ya ba mu wahala ba, domin bakinmu bai taɓa rikita jinsi ba. Ba Bakaben da zai ce mota ya zo. Ku tambayi kanku kawai, "ya" ake ce wa abin ko "ta"? In "ta" ce, r za a sa. Haka ma "ce": mota sabuwa ce, ba "sabo ne" ba. Wani mai kaifin kai a cikinku zai ce to giwan ruwa fa, babban kifin da ake alfahari da kamawa a Argungu, alhali giwa mace ce? Gaskiyarsa. Sunan kifin ya daskare a haka, kuma namiji ake ɗaukarsa. Harshe yana da irin waɗannan 'yan tawaye, sai dai a haddace su.

Kan alamomin tsayawa ba za mu ce da yawa ba. Wasunku suna rubuta saƙo mai layi goma sha biyar ba aya ba waƙafi, sai mai karatu ya riƙa haki kamar ya yi gudu. Wasu kuma kowace jimla sai sun bi ta da alamar motsin rai guda biyar, har in abin mamaki na gaske ya zo ba sauran abin nuna shi. Babban harafi ma yana da wurinsa: farkon jimla, da sunan mutum, da sunan gari. Wanda ya rubuta argungu da ƙaramin harafi bai kyauta wa garin Kanta ba.

Alama ɗaya ce muke roƙonku kada ku yi wasa da ita, wato alamar tambaya. A Ingilishi tsarin jimla yakan sauya idan tambaya ce, ko an manta alamar ana ganewa. A Hausa sau da yawa murya ce kaɗai ke sauyawa, kalmomin suna nan yadda suke. "An biya kuɗin NECO." "An biya kuɗin NECO?" Ta farko labari ce mai sanyaya rai, ta biyu neman bayani ce daga wanda hankalinsa bai kwanta ba. Idan ɗalibi yana makarantar kwana ya ari waya ya tura ta biyun ga kawunsa ba tare da alamar ba, kawu zai karanta ya ce alhamdu lillahi, wani ya riga shi, ya mayar da kuɗin aljihu. Kowa ya ɗauka an gama, ranar rufe rajista kuma ba ta jiran a warware rashin fahimta.

Mun san akwai masu cewa duk wannan na masu ɗaukar darasin Hausa ne kawai. Su kam dole ne a kansu, domin ƙa'idojin rubutu suna cikin manhajar Hausa ta JAMB, kuma mai duba insha'i a WAEC ko NECO yana da jan biro, kowace "yace" da "shine" tana cin rabonta na maki. Ɗalibai da yawa suna zaɓar Hausa suna cewa ai harshen gida ne, ba sai an yi karatu ba, sakamako ya fito su ga abin da ba su zata ba. Amma masu kimiyya ma ba su tsira ba. Wadda za ta zama ma'aikaciyar jinya wata rana za ta rubuta wa tsohuwa yadda za ta sha magani, jikanta ne zai karanta mata a ƙauye, kuma tsakanin "kar ta ƙara" da "kar ta kara" ko tsakanin "ba ta biyu" da "bata biyu" ba wurin cinka-cinka ba ne. Wanda zai zama malamin gona zai tura wa manoman shinkafa na fadamar Rima saƙo kan taki da feshi. Wanda zai nemi aiki a gidan rediyo ko sashen Hausa na wata kafar labarai, abin da za a fara ba shi shi ne takarda da biro a ce ya fassara sakin layi ɗaya.

Ga ɗan aikin da muke ba ku kafin fitowa ta gaba. Ku buɗe wayarku, ko ta gida in ba ku da ita, ku duba saƙonni goma na ƙarshe da kuka tura da Hausa. Ku kwafe su a littafi yadda suke, sannan ku sake rubuta su a ƙasa da lanƙwasa da tazara da alamomi. Ku ba abokin zamanku na aji ya duba naku, ku duba nasa. Inda kuka yi gardama, kamar kan "ke nan" ko "ko da yake", ku kai wa malamin Hausa ranar Litinin ya raba ku.